Maigida Ya Ce Miyata Ta Zama Lami Tun Da Ya Fara Shan Maganin Hawan Jini

"Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana da shekara 58. Wata biyu da suka wuce aka gano yana da hawan jini, aka ɗora shi a kan lisinopril da wani mai suna Moduretic. Bayan kamar sati uku da farawa sai ya soma cewa girkina ya canza, wai miya ba gishiri, nama kamar yana tauna tsumma, wani lokaci kuma ya ce bakinsa na ƙarni kamar ya tsotsi kwabo. Ni dai ban canza komai ba, yara ma sun ce yadda suka saba ji ne. Yanzu sai ya sa a kawo masa gishiri da dunƙule gefen kwano yana barbaɗawa, ya kuma rage cin abinci. Jiya ya ce zai daina shan maganin ya gani. Shin da gaske maganin ne, ko wani ciwo ne daban? Me ya kamata mu yi?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne. Kin kyauta da kika tambaya tun bai ajiye maganin ba, domin galibi sai an daina sha da wata ɗaya ko biyu labari ke iso mana, wani lokacin ma a bakin gadon asibiti muke jin sa.

Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko maganin hawan jini na iya ɓata wa mutum ɗanɗano, ko akwai wani ciwo da ya kamata a bincika, da kuma yadda za a yi da mutumin da ya riga ya ƙudurta ajiye magani. Na farkon amsarsa eh ce, ba kwana-kwana. Abu ne sananne, a rubuce yake cikin takardar nan da ake naɗowa a kwalin magani, wadda kusan ba mai warwarewa. Saboda haka ki kwantar da hankalinki, hannunki na nan yadda yake, shaidar yara ta isa. Abin da ya fi tayar mini da hankali cikin saƙonki shi ne gishirin nan na gefen kwano, da maganar "in daina in gani". Zan dawo kansu. Sunayen magunguna kuwa zan rubuta su yadda suke a jikin kwali, don ki iya dubawa da idonki.

Yadda baki ke jin daɗin abinci

Abin da muke kira daɗin abinci aikin gayya ne tsakanin harshe, miyau da hanci. A kan harshe da ganɗa har zuwa maƙogwaro akwai dubban 'yan mitsi-mitsin gurabe masu ɗauke da ƙwayoyin jin ɗanɗano. Abu biyar suke ganewa: zaƙi, ɗaci, tsami, gishiri, sai na biyar da mutanen Japan suka raɗa wa suna umami, wanda mu mun san shi tun kaka da kakanni a daddawa da romon nama. Yaji ba ya cikin lissafin nan. Barkono ta jijiyar jin zafi yake bi, shi ya sa wanda bakinsa ya mutu yakan ci gaba da jin yaji sarai. Sauran abin da ke raba miyar kuka da miyar taushe, ko garɗin soyayyar gyaɗa, ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro ya isa hanci. Duk wanda mura ta taɓa toshe wa hanci ya san yadda tuwo ke komawa lami.

Miyau shi ne ɗan aike. Ƙwayoyin harshe ba sa jin busasshen abu, sai gishiri ko sukari ya narke ya isa gare su. Ki gwada da kanki: ki goge harshenki da tsumma mai tsabta har ya bushe, ki ɗora ƙwayar sukari, za ki ga sai miyau ya dawo kafin zaƙi ya zo. Kuma ƙwayoyin nan ba sa daɗewa, cikin kamar kwana 10 zuwa 14 jiki ke sabunta su. Wannan na cikin dalilan da suka sa matsalar ba ta cika bayyana ranar da aka fara magani ba, kuma ba ta tafiya ranar da aka canza shi. Sati ukun da kika ambata ya yi daidai da abin da muka saba gani.

Magani kan shigo ta ɗaya daga ƙofa uku. Wani yakan bi jini ya fito cikin miyau, mutum ya wuni yana jin ɗaci ko ƙarni ko bai sa komai a baki ba. Wani busar da baki yake yi. Wani kuma ƙwayoyin harshen ne yake dagula wa aiki. Magungunan maigida guda biyu, tsakaninsu sun taɓa dukkan ƙofofin.

Gidan su lisinopril

Lisinopril ɗan wani babban gida ne da sunayen 'ya'yansa ke ƙarewa da "pril": captopril, enalapril, ramipril, perindopril. Aikinsu hana jiki ƙera wani sinadari mai suna anjiyotensin, wanda ke matse hanyoyin jini. Kakan gidan shi ne captopril, kuma asalinsa abin mamaki ne, daga dafin maciji ya samo tushe. A shekarun 1960 wani masani ɗan Brazil, Sérgio Ferreira, ya gano wasu sinadarai cikin dafin wani maciji dangin kububuwa da ake kira jararaca. Daga nan wasu masana biyu a Amurka, David Cushman da Miguel Ondetti, suka bi sawu har suka ƙera captopril a tsakiyar shekarun 1970, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1981.

A farkon fitowarsa da yawa ake ba da shi, ɗaruruwan miligiram a rana, kuma nan da nan aka lura da abu biyu: ƙuraje a fata da mutuwar baki. Takardar maganin ta faɗi cewa kimanin mutum 2 zuwa 4 cikin 100 sukan samu raguwar ɗanɗano ko ɓacewarsa, gwargwadon yawan abin da suke sha da lafiyar ƙodarsu. Ta kuma faɗi abu biyu da suka shafe ki kai tsaye: yawanci abin kan warware da kansa cikin wata 2 zuwa 3 ko da an ci gaba da shan maganin, sannan wasu kan rame saboda sun rage ci.

Me ya sa captopril ya fi 'yan'uwansa wannan hali? A jikinsa akwai sinadarin farar wuta, har idan kika buɗe kwalbarsa kina iya jin ɗan wari-wari kamar na ƙwai. Wannan ɓangaren yana son kama ƙarafa irin su zink, shi kuma zink yana da hannu a aikin ɗanɗano, domin akwai wani sinadari a miyau mai suna gustin da ba ya aiki sai da shi. Wannan shi ne bayanin da aka daɗe ana bayarwa, amma masana ba su haɗu a kansa ba, tunda enalapril da aka amince da shi a 1985 da lisinopril na 1987 ba su da farar wutar, amma su ma an samu masu kuka da su, sai dai ba su kai na captopril yawa ba. A 2013 wasu masu bincike a Japan sun nuna a jikin ɓeraye cewa shi kansa anjiyotensin yana da mazauni a ƙwayoyin harshe, yana kuma taɓa yadda ake jin gishiri da zaƙi. Ke nan ba abin mamaki ba ne maganin da ke rage shi ya taɓa baki. Ko losartan da danginsa masu ƙarewa da "sartan", waɗanda muke komawa gare su idan lisinopril bai karɓi mutum ba, an samu jefi-jefi waɗanda bakinsu ya mutu a kansu, ya kuma dawo bayan an canza.

Ki lura ko maigida na yin wani busasshen tari mai kaikayin maƙogwaro, musamman da dare. Kusan mutum 1 cikin 10 masu shan wannan gida sukan yi shi. Idan tari ya haɗu da ƙarnin baki, hujjar canza magani ta ƙara ƙarfi.

Na biyun, mai sa fitsari

Moduretic magani biyu ne a ƙwaya ɗaya: hydrochlorothiazide miligiram 50 da amiloride miligiram 5. Dukansu masu sa fitsari ne, suna fitar da gishiri da ruwa ta ƙoda. Abu na farko da ke biyo baya shi ne ƙishirwa da bushewar baki, balle a bazara, ko lokacin hunturu da leɓe ke tsagewa, ko cikin azumi. Maganar nan ta "nama kamar tsumma" ita ce ta sa na zargi bushewa. Mai busasshen baki yakan yi ta tauna nama ya ƙi haɗiyuwa, ba ya iya cin ƙuli-ƙuli ko gurasa sai da ruwa a gefe, yakan farka cikin dare harshe ya manne da ganɗa. Ki tambaye shi ko haka yake ji.

Shi amiloride akwai wani abu game da shi da ke burge ni tun ina ɗalibi. Yana aiki ne ta toshe wata 'yar ƙofa a ƙoda da gishiri ke bi ya koma jini. To irin wannan ƙofar ce a kan harshe take gane gishiri, har masu bincike kan shafa amiloride a harshen ɓera don su kashe masa jin gishiri. A jikin ɗan Adam tasirin bai kai na ɓera ba, kuma abin da ke isa harshe daga ƙwayar da aka haɗiya kaɗan ne, don haka ba na gaggawar ɗora masa laifi. Amma takardar maganin ta lissafa ɓacin baki da bushewarsa cikin abubuwan da aka gani. Shi kuma hydrochlorothiazide yana ƙara yawan zink da ke fita a fitsari. A ra'ayina miligiram 50 ya yi wa mutane da yawa yawa. Yau galibi 12.5 zuwa 25 ake bayarwa, shi ya sa likitoci da dama kan ce a raba ƙwayar biyu. Ko an ce masa rabi ko guda, ki duba katin.

Sauran magungunan hawan jini zan taɓa su a gurguje saboda masu karatu. Methyldopa, wanda aka fi sani da Aldomet kuma ake yawan ba masu juna biyu, yana busar da baki, haka clonidine, shi ma fiye da kowa. Furosemide, wato Lasix, hanyar fitsari yake bi. Amlodipine da nifedipine nasu salon daban ne, ga wasu mutane sukan kumbura dasashi. Na taɓa ganin wani dattijo da ya shekara biyu yana shan nifedipine, ya zo yana kukan ɗacin baki da wari. Da na ce ya buɗe baki, sai ga dasashi ya yi tudu ya hau kusan rabin haƙoran gaba, ragowar abinci ta maƙale a ƙarƙashi, asuwakin da ya zaro daga aljihu kuwa bakinsa ja-ja da jini. Harshensa lafiya lau yake, jini da ruɓa yake ta haɗiya. Canjin magani da wankin haƙori wurin likitan haƙori suka raba shi da abin.

Kafin a yanke wa magani hukunci

Farawar abin bayan magani babbar alama ce, amma ba ta rufe ƙofar bincike. Mutumin da aka gano wa hawan jini yana da shekara 58, ba mamaki jinin ya daɗe yana hawa ba a sani ba, kuma abu biyu kan yi tafiya tare da shi: ciwon suga da raunin ƙoda. Dukansu suna taɓa baki. Suga na kawo ƙishirwa, bushewa da wani farin dabbare-dabbare a harshe. Ƙoda idan ta gaza, dattin da ya kamata ya fita a fitsari yakan taru a jini, mutum ya ji ƙarni ko zarni a baki, ya tsani nama, zuciya na tashi. Wanda ya zo mini da ƙarnin baki da ƙin nama ba na sallamarsa sai na ga gwajin ƙodarsa.

Sai sauran magungunan da ba a faɗa wa likita. Flagyl da ake saya a kyamis don ciwon ciki gwani ne wajen sa ƙarnin baki, haka metformin na masu suga a farkon farawa, da ƙwayoyin ƙarin jini, da clarithromycin da ake haɗawa cikin maganin gyambon ciki. Ruwan kurkure baki mai chlorhexidine shi ma yana dushe jin gishiri idan aka daɗe ana amfani da shi. Zazzaɓin cizon sauro kowa ya san ɗacin bakinsa. Mura, toshewar hanci, ƙwannafi, taba, ruɓaɓɓen haƙori, duk suna cikin layi, kuma tun 2020 korona ta koya wa duniya cewa ƙwayar cuta na iya ɗauke ƙamshi da ɗanɗano dare ɗaya.

Akwai ɗan gwaji da za ki iya yi a gida. Ki sa ya rufe ido, ki ɗiga masa ruwan sukari a harshe, ya kurkure, sai ruwan gishiri, sai lemun tsami, ya faɗi kowanne. Sannan ki kawo masa citta, turarensa da ya saba, da ɗan kananzir a murfi, ya shinshina ya faɗa. Idan ya gane na harshe amma ya kasa na hanci, matsalar a hanci take, maganin hawan jini kuwa ba nan ya fi taɓawa ba. Ki rubuta abin da kika gani, zai taimaki likitansa.

Gishirin gefen kwano

Nan ne haɗarin yake. Mutum na shan magani don a fitar masa da gishiri, yana kuma mayar da shi da hannunsa, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi a shafe ba, kuma wannan ya haɗa da na miya, na burodi, na yajin tsire, na komai. Dunƙule kuwa babban kason abin da ke cikinsa gishiri ne, farin magi ma yana ɗauke da sodiyam, wanda shi ne ɓangaren gishiri mai tayar da jini. Kanwar da muke sa wa kuka da wake da ɗanwake, ita ma sodiyam ce fal. Mu baƙar fata jininmu ya fi saurin amsa kiran gishiri, kuma lisinopril na cikin magungunan da gishiri ya fi karya wa ƙarfi. Abin da kan biyo baya na sha gani: a koma asibiti a tarar jini bai sauka ba, likita bai san da gishirin gefen kwano ba, ya ƙara yawan magani, baki ya ƙara mutuwa, a ƙara gishiri.

Wata baiwar Allah mai sayar da abinci a bakin tasha ta taɓa zuwa wurina, ba don bakinta ba, don jininta ya ƙi sauka duk da captopril da take sha sau uku a rana. Cikin hira take ce mini kasuwa ta ja baya, direbobin da suka shekara suna cin shinkafa da wakenta sun fara cewa ta cika gishiri, ita kuwa in ta ɗanɗana sai ta ji salaf. Da na tambayi dunƙule nawa take jefa wa tukunya da can da kuma yanzu, sai ta yi shiru tana lissafi da yatsu, ta kama baki. Ita ke ɗanɗanawa, ita ke ci daga tukunyar safe da rana. Muka canza mata magani, na ce 'yarta ta riƙa ɗanɗana miya a madadinta. Bayan 'yan makonni bakin ya dawo, jinin ma ya sauka. Na kawo wannan ne don in da mace ce ke shan maganin, gida gaba ɗaya ke cin gishirin.

Kada ki yi faɗa da shi a kan wannan, dabara za ki yi. Gishirin da aka barbaɗa a saman abinci ya fi jiyuwa a harshe fiye da wanda ya narke cikin tukunya. Saboda haka ki rage na tukunya sosai, ki auna masa ɗan kaɗan a murfin kwalba, ki ce wannan ne rabonsa na yini, ya barbaɗa yadda ya so. Dunƙule kuwa a ɗauke shi daga gefen kwano gaba ɗaya. Sai ki nemo daɗi ta ƙofofin da suka rage a buɗe. Tsami yana tsinko miyau yana kuma danne ƙarni: lemun tsami a kan kifi ko nama, tsamiya a kunu, yakuwa a miya. Ƙamshi yana cike gurbin gishiri: citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari, kimba, albasa da aka soya har ta yi ja. Daddawa mai kyau wadda ba a cika mata gishiri ba tana ba da abin da dunƙule ke kwaikwayo. Nama in ya gagara, a yi farfesu mai romo, ko a koma ƙwai, wake da kifi na ɗan lokaci. Miya mai yauƙi kamar kuɓewa ta fi sauƙin wucewa a busasshen baki. Wasu sukan ce cokalin ƙarfe na ƙara musu ƙarnin, to ga hannu, ga na roba. Ya riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, ya yi asuwaki ko buroshi har da harshe kafin cin abinci, goro da taba kuwa a rage.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: akwai wani gishiri da ake sayarwa a manyan kantuna da sunan gishirin masu hawan jini, wanda aka maye wani ɓangarensa da wani sinadari mai suna fotasiyam. Ga mutane da yawa yana da amfani, amma ba ga maigida ba. Lisinopril na riƙe fotasiyam a jiki, amiloride ma haka, in aka ƙara na uku yana iya taruwa har ya rikita bugun zuciya. Kada a saya sai likitansa ya ce.

Na kan kuma tambayi matan gida wani abu, ko da yake ke kin riga kin amsa: wasu da jin an ce hawan jini sai su zare gishiri a ɓoye ba su gaya wa maigida ba, shi kuma ya ɗora wa magani laifi. Irin wannan harshe ne ke neman abin da ya saba, kuma cikin wata biyu zuwa uku yakan saba da sabon ma'auni har abincin waje ya riƙa yi masa zartsi.

Maganar "in daina in gani"

Ki gaya masa tunaninsa ba shirme ba ne. Ainihin hanyar da ake tabbatar da laifin magani ke nan, a janye shi a ga ko abin zai tafi. Bambancin kawai, likita ba ya janyewa ya bar wurin fayau, wani yake sawa a madadinsa, kuma ɗaya bayan ɗaya yake canzawa don a san mai laifin. Idan maigida ya ajiye duka biyun, cikin 'yan kwanaki jinin zai koma inda yake, bakin kuwa yana iya ɗaukar makonni kafin ya dawo. Ke nan zai zauna da hawan jini ba kariya, abincin ma bai yi daɗin ba. Hawan jini kuma ba ya sallama, sau da yawa ba ciwon kai ba jiri, sai dai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Ga masu shan clonidine, atenolol ko propranolol abin ya fi haka muni, domin yanke su farat ɗaya na iya sa jini ko bugun zuciya ya yi tsalle ya wuce inda aka faro.

Zaɓi a hannun likita yana da yawa. Idan abin da sauƙi kuma mutum na cin abinci, ana iya jira a ga ko zai wuce da kansa. Ga maigida, tunda ya rage ci har ya fara maganar dainawa, ni ba zan jira ba. Ana iya rage mai sa fitsarin ko a raba shi da amiloride. Ana iya musanya lisinopril da losartan ko ɗan gidansu. Ana kuma iya kawo amlodipine, wanda dama yana cikin waɗanda suka fi yi wa baƙar fata aiki. A 2019 an wallafa wani babban gwaji da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya da Kamaru, a kan mutum sama da 700. An tarar haɗin da ke da amlodipine a ciki, ko da hydrochlorothiazide ko da perindopril, ya fi sauke jini a kan haɗin perindopril da hydrochlorothiazide, wanda shi ne ya fi kama da abin da maigida ke sha yanzu. Sai dai in yana da suga ko ƙodarsa na zubar da sinadarin gina jiki a fitsari, akwai dalili mai ƙarfi na barin sa a gidan "pril" ko "sartan", domin suna kare ƙoda. Wannan hukunci ne na wanda ya ga sakamakon gwajinsa.

Za ki ji masu cewa a saya masa ƙwayar zink. Tana taimakon wanda zink ɗinsa ya yi ƙasa da gaske, amma ga sauran mutane sakamakon bincike bai tsaya wuri ɗaya ba. Ita kanta tana sa ƙarnin baki da tashin zuciya, kuma wuce miligiram 40 a rana na tsawon lokaci yana hana jiki tsotsar sinadarin jan ƙarfe, abin da kan jawo ƙarancin jini da ciwon jijiya. Nama, hanta, wake, gyaɗa da riɗi sun ishi yawancin mutane.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Idan leɓe, harshe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya fara wuya, a daina lisinopril nan take a tafi asibiti ko tsakar dare ne. Wannan kumburi sananne ne a gidan "pril", ya fi samun baƙar fata, kuma yana iya zuwa ko bayan an daɗe ana sha. Haka in baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa ta yi nauyi, ko ya rikice, ko kasala mai tsanani ta kama shi da amai.

Hajiya, ban ga maigida ba, ban leƙa bakinsa ba, ban ga awon jininsa ba, don haka abin da na faɗa hasashe ne daga bayaninki: ƙarnin ya fi kama da aikin lisinopril, tauna tsumman kuma bushewar baki daga mai sa fitsari. Kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati, ku koma cikin satin nan, ya ci gaba da shan maganinsa har ranar. Ki zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, na asibiti, na kyamis, na ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen waɗanda ba sa jituwa da magungunansa, har da jiƙo da garin gargajiya. Ku roƙi a yi gwajin ƙoda, na sodiyam da fotasiyam, da na suga, domin duk mai shan lisinopril tare da amiloride ya kamata a duba masa waɗannan tun makonnin farko. A ɗora shi a sikeli a rubuta nauyinsa. In da hali ki shiga ɗakin likitan tare da shi, domin na san halin mazanmu, da an ce "Alhaji yaya jiki?" sai ya ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi", maganar gishirin gefen kwano kuwa ba za ta fito daga bakinsa ba.